Abin da Ke Cikin Kambun Yaya

Jikata ce ta tono mini wannan magana, ita kuwa ba ta san ta tono komai ba. Ta zo hutu daga Zariya da ƙunshi a leda, ta dire mini a kan tabarma tana wani yanga, wai tsaraba ta kawo wa tsohon mijinta. Na buɗe, sai ga farin kofin shayi, a jikinsa an buga hoton wani ƙato mai ɗamara, fuskarsa a rufe da baƙin ƙyalle sai idanu, ga shaho a kafaɗarsa ya ware fukafukai. Ta ce a waya ta gani. Wai yanzu akwai masu tono jaruman tsofaffin littattafan zane waɗanda duniya ta manta da su, suna buga su a riguna da huluna da kofuna, masu sha'awa suna saye suna tarawa. Ta tuna na taɓa ce mata muna yara akwai wani mai shaho.

"Shi ne ko, tsoho? Na canka?"

Na ce ta canka. Na sa mata albarka, na ɗora kofin a kan taga. Yau wata uku ke nan ko ruwa ban zuba a cikinsa ba, tana ta yi mini tsiya wai rowa ce ta sa nake tattalinsa. Ba rowa ba ce. Kunya ce, kuma ta girme wa uban yarinyar nan.

Shekara biyu ko uku bayan samun mulkin kai abin ya faru. Ƙauyenmu yana tsakanin Kudan da Makarfi, ƙasar rake. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, mahaifiyarmu ta yi aure a Ikara, muka rage ni da yayana a hannun kakarmu, wadda muke kira Iya. Ni shekarata goma sha biyu, da safe ina zuwa firamare, da yamma makarantar allo. Yaya ya kai ashirin, shi ne hannun gidan. Iya ba ta san ko alif ba, amma ban taɓa ganin mai girmama rubutu kamarta ba. Duk takardar da ta tsinta a ƙasa, muddin akwai baƙin Larabci a jiki, sai ta kaɗe ta, ta kai ta goshi, ta soke a cikin jinkar ɗakinta. Har takardar ganyen shayi na taɓa gani a wurin. In na yi dariya ta ce, "Yi ta yi, ɗan banzan miji, kai da ka iya karatu ai kai ya kamata ka fi ni tsoro."

A shekarar ne wani mai tebur a kasuwar Makarfi ya fara kawo cingam daga kantunan Kwarori na Kano. Kowane ƙunshi akwai kati a ciki, gabansa hoto, bayansa rubutun Larabci ƙanana ba wasali. Hotunan duk na mutum ɗaya ne, wannan na jikin kofin. Ba mu san sunansa ba, Mai Shaho muke ce masa. A wani katin ya ɗaga mota, a wani ya tare jirgin ƙasa da ƙirji, a wani shahon ya ɗauke shi sun ƙetare kogi. Mai teburin yana da yagaggen littafin zanensa guda ɗaya da ya rataye da zare, mu tsaya mu yi ta kallo har a kore mu. Shi ya gaya mana abin da ke rubuce a bayan katin: ci gaban labarin ne, da sanarwar cewa duk wanda ya tara arba'in iri daban-daban za a ba shi ƙwallo. Ina so a riƙe wannan. Na san abin da ke rubuce a wurin sarai, ba wanda zai ce jahilci ne ya ja ni.

Kai, abin nan ya shiga ranmu! Yara suna ba da ɗankon harbi, suna ba da gyaɗar da aka ba su ta ci a tashin tara, don kati guda. Ni da ba na samun cingam sai in Yaya ya sayar da kaya ya tuna da ni, guda bakwai nake da su, biyu ma iri ɗaya. Ina kwana da su a aljihu har suka yi laushi.

Da kaka ta yi aka fara sarar rake, mai injin matsa na ƙauyenmu ya ɗauki Yaya aiki. Wanda bai san injin nan ba, gangunan ƙarfe ne uku a tsaye, an ɗaura musu dogon gungume, doki yana zagayawa yana juya su. Mutum ɗaya yana zaune a gindi yana cusa rake tsakanin ƙarafan, ruwan yana tsiyaya a daro, a dafa shi ya zama mazarƙwaila. Wurin zaman nan aka ba Yaya. Wanda ya zauna a wurin bara, injin ya cinye masa hannu har gwiwa.

Iya ta tayar da hankalinta. Ta yi faɗa, ta yi roƙo, Yaya ya ce mata aikin ya fi kowane samu, kuma Allah ke tsarewa. Da ta ga ba za ta hana shi ba, sai ta ce to sai an nemo masa layar ƙarfe. Akwai wani dattijon malami, aminin marigayi kakanmu, a wata unguwa gaba da Makarfi kan hanyar Ikara, wanda aka sani da wannan rubutu. Ita ƙafarta ba ta kai ta, Yaya kuma ba ranar hutu. Sai ta kama jan zakaranta, wanda ta ƙi yankawa har da Sallah, ta ɗaure ƙafafunsa ta miƙa mini.

"Ƙaramin miji, kai ne mai baki da hankali. Ka bi masu jakuna ranar kasuwa. Ka durƙusa ka gaishe da Malam, ka ce matar marigayi amininsa ce ta aiko ka, ka faɗa masa aikin da yayanka yake yi. Ga abin sadaka. Hannun ɗan'uwanka na ba ka, ka ji ko?"

Na ce na ji.

Hanyar ta ratsa ta tsakiyar kasuwa, ko kuwa dai ni na ratsa da ita. Na ce bari in leƙa littafin nan sau ɗaya. Ina tsaye da zakara a hammata, mai tebur ya dube shi ya ce, "Yaro, wannan na sayarwa ne?" Na ce aike ne. Ya sunkuya ya ɗauko kwalin cingam cikakke, ko buɗe shi ba a yi ba, ya ajiye a gabana. Ba zan ɗora wa bawan Allah nan laifi ba, ciniki ya gani ya taya. Na wuce abina. Wallahi na wuce, har na kai wurin masu tukwane a bakin kasuwa, ina ganin hanyar Ikara ta miƙe a gabana. Daga nan ƙafata ta juyo da kanta, in ji ni a lokacin. Yanzu na tsufa da wannan ƙarya. Ni na juyo.

A gindin wata tsamiya bayan kasuwa na zauna na yage su ɗaya bayan ɗaya. Ga na jirgin ƙasa, ga na kogi, ga waɗanda ko labarinsu ban taɓa ji ba. Na jera su a ƙasa, na cika baki da cingam har muƙamuƙina ya gaji. Sai da na ji kiran sallar azahar gabana ya yanke ya faɗi. Ba zakara, ba Malam, ba laya, masu jakuna kuma da la'asar za su juya.

Ina jujjuya wani kati da na samu sau uku, idona ya sauka a kan rubutun bayansa. Jinkar ɗakin Iya ta faɗo mini a rai. Ban daɗe ina shawara ba, wannan ma abin kunya ne. Na jiƙa gefen katin da yawu, na sa farce na raba shi biyu, hoton ya tafi gefe, rubutun ya rage a 'yar siririyar takarda. Na ninke ta murabba'i kamar yadda na ga malaminmu na allo yana yi, na zaro zare daga bakin rigata na naɗe ta tam. Kowa ya san ba a buɗe laya. In malami ya naɗe, daga hannunsa sai hannun baduku, wanda ya buɗe ya karya ta. A kan wannan na dogara.

Da na iso gida Iya ta shimfiɗa mini tabarma kamar baƙo. Yaya Malam? Yaya ƙarfin jikinsa? Yaya iyalinsa? Ya gane ni kuwa? Na yi ta zuba. Na ce yana gaishe ta, na ce ya yaba zakaran, har na ce ya yi hawaye da ya tuna kakanmu. Ban san daga ina nake samo su ba. Ta karɓi ƙunshin da hannu biyu da bisimilla, ta kai goshi. Yaya yana gefe yana cin tuwo. Ta miƙa masa ya gani, ya goge hannu ya karɓa, ya jujjuya, ya kai shi kusa da fuskarsa kamar mai sumbata. Ya dube ni. Sannan ya mayar mata ya ce, "Allah Ya saka, Iya," ya ci gaba da cin tuwonsa.

Washegari baduku ya ɗinke shi da jar fata, ya zama kambu. Iya da kanta ta ɗaura masa a damtsen dama. Tun daga ranar hankalinta ya kwanta. Har waƙa take yi in tana tankaɗe.

Da zan iya cewa na shiga damuwa dare da rana, da na ji daɗin rubutawa. Gaskiya ita ce na sha sharafina. Na zama sarkin makaranta. Manyan yara da ba sa ko kallona suka koma bina, ana roƙona a ga na kogi. Arba'in ɗin ba su cika ba, saura biyu, kuma ban taɓa jin wanda ya sami ƙwallon nan ba. Sai dai in na kai wa Yaya fura na ga yatsunsa suna bin rake har bakin ƙarfe, sai in kawar da kai. In ce a raina gobe zan faɗa. In ce bari in sami wata kazar in je wurin Malam a ɓoye. To in na karɓo, yaya zan yi da wanda aka riga aka ɗinke? Sai in bar wa gobe.

Wajen mako shida aka yi haka. Ranar da abin ya faru ina filin makaranta lokacin tara, na baza katuna a ƙasa yara sun kewaye ni, sai ga wata maƙwabciyarmu ta shigo ba mayafi tana kiran sunana. Ƙudan zuma ba sa rabuwa da wurin matsa saboda zaƙi. Wani rake ya cije, Yaya ya sa hannu yana tura shi, ƙuda ya harbi dokin a ciki, ya zabura gaba. Kafin a riƙe linzami injin ya tafi da yatsu uku da rabin tafin hannunsa na dama. Babban yatsa da manuni suka rage. An sa shi a motar ɗaukar mazarƙwaila zuwa asibiti a Zariya kafin in iso. Abin da na tarar shi ne daron ruwan rake da aka kifar, da ƙasa jawur.

Na shiga gida ina jiran a tsine mini. Na tarar da Iya zaune cikin mata, idanunta sun kumbura, amma tana ganina ta miƙo hannu ta jawo ni jikinta.

"Kun ga wanda ya ceci ɗan'uwansa," ta ce musu. "Na bara har gwiwa ya tafi. Nawa yatsu uku. Ba don yaron nan ya taka har wurin Malam ba, da yanzu wani zancen ake yi."

Matan suka yi ta shi mini albarka. Wata ta shafa kaina. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Na fashe da kuka, suka ce ai tausayin ɗan'uwa ne, yaron akwai zumunci.

Ba a nan ta tsaya ba. Da Yaya ya dawo da hannu a naɗe, Iya ta kama zabuwa biyu ta ce in kai wa Malam godiya. Wannan karon na kewaye kasuwa ta bayan gari. Na sami dattijon a zaurensa, ɗan siriri, idonsa ya fara yana. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi gidan da na fito. Ya yi murna ƙwarai, ya tambayi Iya, ya ce rabon da ya ji labarinmu tun rasuwar mahaifinmu. Na ce ta aiko a yi wa yayana addu'a, injin rake ya ji masa ciwo. Ya ce, "Ash! Ai da an gaya mini tun zai fara." Maganar tana bakina, wallahi har ta taɓa haƙorana. Na haɗiye ta. Ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, ya haɗa da ni, ya ce Allah Ya sa in zama mai riƙon amana kamar kakana. Na shafa.

Da damina ta faɗi aka aiko mana Malam ya rasu. Iya ta yi kuka. Ni, Allah Ya yafe mini, sauƙi na ji. Wanda zai iya tona ni ya tafi.

Katunan na kasa kallonsu, na kuma kasa zubar da su, don duk iskancina ban iya jefa baƙin Larabci a juji ba. Na ɗaure su da tsumma na soke a jinkar ɗakinmu, can ciki.

Yaya bai sake riƙe garma yadda ya kamata ba. Ya koma tsaron kaskon dahuwa, yana juya ruwan rake da hagu. Ya ƙi cin abinci da hagun, sai ya koyi kama loma da yatsu biyun nan, miya tana bin hannunsa. Yarinyar da yake nema iyayenta suka yi sanyi, sai bayan shekaru ya auri wata. Bai taɓa yi mini ko kallon banza ba. Guminsa ne ya kai ni kwalejin horon malamai, shi ya raka ni tasha da akwatina a kansa. Kambun kuwa yana nan a damtsensa. Fatar ta yi baƙi, ta yi sheƙi saboda gumi. In igiyar ta tsinke Iya ta sa a sake wata. Duk baƙon da ya zo gidan sai ta ba shi labarin, sai ta nuna ni.

Shekara tara bayan haka Iya ta rasu, ina koyarwa a Ikara. Bayan sadakar uku, da la'asar, Yaya ya ce in raka shi fadama ya duba rake. Muka zauna a kan wata kunyar rake. Ya naɗe hannun rigarsa, ya kama igiyar kambun da haƙori da yatsun hagu, ya yi ta fama har ta kwance. Inda ya zauna fatar wurin ta yi fari. Ya miƙo mini.

"Ungo, ɗan boko. Ka haɗa shi da 'yan'uwansa. Suna nan a jinka inda ka soke su, in gara ta rage wani abu."

Na karɓa. Na juya shi a tafina.

"Yaya, tun yaushe?"

"Tun ranar da ka kawo shi. Ƙamshin minti yake yi. Kai ma shi kake yi."

"To me ya hana ka faɗa? Me ya hana ka je da kanka ka karɓo ta gaske?"

Ya tsinki ganyen rake yana murzawa. Ya ce, "In na je ai Malam zai ce ba wanda ya zo. Kafin kasuwa ta zagayo magana ta dawo kunnen Iya. Ita kuwa kai take ɗagawa ta nuna wa mutane. Da wane ido za ta dube ka? Na ce bari in yi ta kiyayewa kawai." Ya dubi hannun. "Na kiyaye iya iyawata."

Ya ga yadda fuskata ta koma, sai ya ce in bar wannan, abin da Allah Ya rubuta wa yatsun nan ba ni na rubuta ba. Na san haka ne. Na san kuma yanzu malamai da yawa za su ce layar gasken ma ba ita ke tsarewa ba, ban kuma ja da su ba. Amma ba wannan ce maganata ba. An ba ni hannun ɗan'uwana, na musanya shi da kwalin cingam, shi kuma ya sani, ya tashi kowace safiya mako shida ya je ya zauna a gindin ƙarfen nan don kada a ji kunyata.

Kalma uku ce ta rage in faɗa. Yaya, ka yafe. Na buɗe baki, sai ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce rana tana faɗuwa, akwai baƙin ta'aziyya a gida. Na bi bayansa ina cewa a raina in mun keɓe gobe zan faɗa. Washegari na koma Ikara. Muka yi shekara talatin da wani abu bayan nan, muna haɗuwa a suna da biki da Sallah, muna cin tuwo a kwano ɗaya, ina kallon yatsu biyun nan suna kama loma. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma na sami wurin ɓuya a cikin shirunsa.

Kambun yana cikin akwatina har yau, ban taɓa farke shi ba.

Ranar da Yaya ya rasu, da aka ajiye makara a gaban sahu, liman ya waiwaya ya ce ɗan'uwan mamaci ya yi wa jama'a magana. Ni ne ɗan'uwan, ba wani. Na fito gaba, na ɗaga murya yadda na bayan sahu zai ji, na ce duk wanda marigayi ya taɓa saɓa wa, don Allah ya yafe masa. Jama'a suka amsa baki ɗaya, sun yafe. Na koma cikin sahu na tsaya, nawa roƙon yana bakina, wanda zan yi wa kuma yana kwance a gabana cikin likkafani.